Stylish da Stylistic: Yadda Za Ka Raba Su Kafin Su Hau Allon Shago ko Bangon Kundin Digiri

Ana saura mako uku a yi Ƙaramar Sallah ƙanena ya same ni a zaure da wata 'yar takarda a hannu. Tela ne, shagonsa na Mabera, kuma ya daɗe yana tara kuɗin sabon allon da zai kafa a bakin shagon. Ya ce, “Yaya, duba mini wagga takarda kahin in kai ma mai fenti.” Abin da ya rubuta shi ne “Stylistic Kaftans for Men”. Na tambaye shi me yake so mai wucewa ya fahimta. Ya ce so yake a san ɗinkinsa na 'yan gayu ne, irin wanda in ka sa ka shiga taron ɗaurin aure sai an waiwayo. Na ce masa to kalmar da ka ɗauko ba ta faɗi haka ba.

Ba a yi kwana goma ba ɗiyar maƙwabcina, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a, ta kawo mini shafin farko na kundin digirinta. Ta ce, “Kawu, gobe za a kai shi ɗauri, a ɗan duba mini.” A saman shafin, da manyan baƙaƙe, an rubuta “A Stylish Analysis of Selected Poems of Nana Asma'u”. Kalmar da tela yake bukata ita ce a hannun ɗaliba, wadda ɗaliba take bukata kuma tana hannun tela.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne, kwamfuta ba kasafai take ceton ka daga irin wannan kuskure ba. Kalmomin biyu duk Ingilishi ne sahihi, rubutunsu daidai yake, don haka ba jan layin da zai fito a ƙarƙashinsu ko a waya ko a shagon buga takardu. Allon shago kuwa shekaru yake yi a rataye, kundi kuma da zarar an ɗaure shi an ajiye a ɗakin karatu, shi ke nan. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina, daki-daki.

Mataki na farko: san uwar da ta haife su

Dukansu daga style suka fito. Ita kuma style asalinta kalmar Latin ce, stilus, sunan wani ɗan tsinke na ƙarfe ko ƙashi da Rumawa ke rubutu da shi a kan allon katako da aka shafe da kakin zuma. Gefe ɗaya tsini ne na rubutu, ɗaya gefen kuma faffaɗa ne na gogewa. Daga sunan abin rubutun ma'ana ta gangaro zuwa yadda mutum yake rubutu, daga nan ta faɗaɗa zuwa yadda yake yin komai: magana, gini, tafiya, sa tufafi. Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wahalar gane wannan tafiya ba. Mu ma muna cewa wane alƙalaminsa da kaifi, alhali ba karan muke nufi ba, ko mu ce hannunsa da kyau muna nufin rubutunsa. Ɗan tsinken da ake taɓa fuskar waya da shi yau, stylus, shi ne dai tsohon abin nan ya dawo da sunansa.

Sai dai style ta zo ta rabu gida biyu a bakin Turawa, kuma a nan ne duk rikicin yake. A gida na farko tana nufin hanyar yin abu kawai, mai kyau ce ko maras kyau. Wannan shi ne salo. Kowane marubuci yana da salo, har wanda ba a iya karanta shafi biyu na littafinsa. A gida na biyu tana nufin iya ado da tsari mai burgewa. In Bature ya ce “She has style”, ba cewa yake tana da wata hanya ba, cewa yake ta iya. Wannan ba kowa ke da shi ba.

Stylish 'yar gida na biyu ce. Stylistic 'yar gida na farko ce. Ba ma lokaci ɗaya suka shigo harshen ba: stylish ta bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 18, stylistic kuwa sai a ƙarni na 19, kuma a kan samfurin wata kalmar Jamusanci ta masana aka gina ta. Har yau ana jin wannan asali a jikinsu. Ɗaya ta saba da bakin tela da 'yan kallo, ɗaya ta saba da aji da takarda.

Ga wanda ya yi Larabci, kuma a Sakkwato irinsu ba su ƙirguwa, hanya mafi sauri ita ce wannan: style na farko shi ne uslub, stylistic kuma uslubi, wato abin da aka danganta ga uslubi. Stylish kuwa ita ce anik, mai kyan shiga. Ba ɗalibin Larabcin da zai haɗa waɗannan biyu, domin ba su yi kama a ido ba. Ingilishi ne ya sa musu riga iri ɗaya.

Mataki na biyu: tambayi kanka, yabo nake yi ko bayani?

In ka riƙe wannan tambaya, ka riƙe kashi mafi girma na aikin. Stylish yabo ce. Duk inda ta faɗa, mai magana ya yanke hukunci cewa abin ya yi kyau, ya tsaru, ya burge. Stylistic ba ta yabo, ba ta kushe. Nuni kawai take yi cewa maganar da ake yi ta shafi salo, ba jigo ba, ba nahawu ba, ba farashi ba.

Mayar da jimlarka Hausa a zuci ka ji wace fassara ce ta zauna. In abin da ya zo bakinka shi ne ɗan gayu, ɗan kwalisa, ya iya wanka, ta cancaɗa ado, ya fito tsaf, to stylish kake nema. In kuwa abin da ya zo shi ne “na salo” ko “ta fuskar salo” ko “wanda ya shafi salo”, to stylistic ce.

Gwada da ƙanena. Yana so ya ce kaftani na salo, wato kaftanin da ya shafi batun salo? A'a. So yake ya ce kaftani na kece raini. Stylish. Gwada da ɗalibar. Tana so ta ce nazarinta ɗan gayu ne? A'a, kuma ko da haka ne ba ita za ta faɗa a bangon kundinta ba. Tana so ta ce ta yi nazarin waƙoƙin Nana Asma'u ta fuskar salo: ƙafiya, kari, kamance, siffantawa, yadda ake buɗe waƙa da yabon Ubangiji da salati, yadda ake rufe ta. Stylistic.

Mataki na uku: yar da wata ƙa'ida da aka koya maka

A nan zan ɗan daɗe, domin na ji wannan ƙa'ida a bakin malamai masu ƙoƙari, kuma tana da saukin haddacewa, shi ya sa ta yaɗu. Ana cewa stylish ta tufafi ce, stylistic ta rubutu ce. Tana aiki sau da yawa, amma ba gaskiya ba ce, kuma ranar da za ta kayar da kai ba za ta yi maka sallama ba.

Rubutu yana iya zama stylish. In mai sharhi ya ce “a stylish essay”, yana nufin maƙalar ta tsaru, jimlolinta na tafiya kamar ruwa, an rubuta ta da gwaninta. Ɗan ƙwallo yana iya cin “a stylish goal”, wato ƙwallon da aka ci cikin ƙwarewa da kyan gani. Mota, gida, kujerun falo, takalmin fatar da dukawanmu ke yi da jar fatar akuyar Sakkwato, duk suna iya zama stylish. Ba tufafi ne sharaɗi ba, burgewa ce sharaɗi.

Haka nan tufafi suna iya jawo stylistic. A ce wani mai bincike ya baza manyan riguna biyu a tabarma, ɗaya aikin Nufawa, ɗaya aikin Zariya, yana kwatanta yadda aka zauna da aska a ƙirjin kowace, yawan zare, faɗin aljihu, inda aikin ya tsaya a baya. Abin da yake lissafawa “stylistic differences” ne, bambance-bambancen salo. Bai ce wannan ta fi waccan kyau ba. In ya ɗaga ɗaya ya ce “This one is more stylish”, to ya ajiye rigar bincike ya zama mai saye.

Ka ga ke nan abu ɗaya yana iya ɗaukar kalmomin biyu, gwargwadon abin da mai magana yake yi da shi. Ɗauki aska takwas. Tsohon da ya sa ta fara ƙal, ta sha bugu, ya naɗa rawani ya nufi Masallacin Shehu ranar Juma'a, wannan “a stylish old man” ne. Ita kuwa askar da ke jikin rigar, a matsayinta na alamar da ke bambanta wannan ɗinki da aska biyu, “a stylistic feature” ce. Riga ɗaya, mutum ɗaya, amma a jimlar farko ana sha'awa, a ta biyu ana nazari.

Tunda mun zo nan, kada a haɗa stylish da fashionable. Fashionable ita ce abin da ake yayi. Yayi kuwa wucewa yake: wuyan kaftanin da samari suka yi rububinsa Sallar bara, bana wani sai ya ce ya tsufa. Tsohon nan mai aska takwas ba yayi yake bi ba, amma ba mai musun ya iya sa kaya. Mutum yana iya sa abin yayi daga hula har takalmi bai zama stylish ba, in kayan ba su karɓe shi ba.

Mataki na huɗu: gwaji uku da za ka yi wa jimla

In tambayar yabo ko bayani ba ta warware maka ba, akwai gwaje-gwajen da nahawu ya ba mu.

Sa very a gaban kalmar. Yabo yana da mataki, wani ya fi wani, don haka “very stylish”, “more stylish”, “the most stylish” duk lafiya lau ne. Amma abu ko dai ya shafi salo ko bai shafa ba. Kamar yadda ba ka cewa nazarin nan “na salo ne ƙwarai” kana nufin rukuninsa, haka “very stylistic” ke yi wa kunnen mai harshen nauyi. In ka ga hannunka na son rubuta very, kusan kullum stylish kake nufi. Abin da ke raka stylistic shi ne irin su purely da merely: “purely stylistic”, wato na salo ne zalla.

Sai ka duba abin da kalmar ta jingina da shi. Stylistic ta fi son zama gaban suna kai tsaye, kuma sunayen da take bi sanannu ne, kusan duk na nazari: analysis, features, devices, differences, choice, variation, changes. Mutum ba ya zama stylistic. Ba a cewa “My brother is stylistic”, ba a cewa “You look stylistic today”. Da look, da mutum, da kaya a jiki, stylish ce. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a ƙarƙashin hotunan Sallah a Facebook da WhatsApp, kuma na san dalilinsa: stylistic ta fi tsawo, sai a ɗauka ta fi nauyi, kamar ita ce babbar yayar stylish da ake fito da ita ranar biki. Ba haka ba ne. Tsawonta bai ƙara mata yabo ko ƙwaya ɗaya ba.

Gwaji na uku shi na fi so, domin ba ya kuskure. Haɗa kalmar da aibi. Ana cewa “a stylistic error” ko “stylistic weaknesses”, wato kuskure ko rauni ta fuskar salo, kamar marubucin da ya fara takardar neman aiki da harshen ofis ya ƙare da harshen hira. Wannan magana ce mai ma'ana domin stylistic ba ta ɗauki ɓangare ba. Amma “a stylish error” ta zama kuskure ɗan kwalisa, maganar da ke cin karo da kanta. In kalmar da kake nema za ta iya zama kusa da aibi ba tare da rigima ba, stylistic ce.

Daga nan za ka lura cewa kishiyoyinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Kishiyar stylish ita ce unstylish, wanda bai iya shiga ba. Stylistic kuwa ba a kishiyantar ta da rashin kyau, sai dai a ajiye ta gefen wasu fuskokin nazari: thematic, na jigo, ko grammatical, na nahawu. Ma'aikatan ofis su riƙe wannan jimla, tana da amfani ranar da aka dawo da takarda daga teburin shugaba: “The changes are stylistic, not substantive.” Ma'anarta gyaran da aka yi na tsarin magana ne, bai taɓa ainihin abin da takardar ta ƙunsa ba.

Mataki na biyar: gyara furuci, domin daga kunne kuskuren ke farawa

Harshenmu ba ya fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa style ta zama sitayil a bakin telolinmu da masu kawo ɗinki. Wannan ba laifi ba ne, kalmar ta zama tamu. Amma in za ka faɗi na Ingilishin, abin lura shi ne gaɓar da ake dannawa.

Stylish gaɓa biyu ce, ana danna ta farko: STAI-lish. Stylistic gaɓa uku ce, ana danna ta tsakiya: stai-LIS-tik. Wannan ba haddar kalma ɗaya ba ce, ƙa'ida ce mai faɗi: kalmar da ta ƙare da -ic, yawanci gaɓar da ke daf da wannan ƙarshen ake dannawa. Haka artistic, realistic, linguistic, economic suke. Masu shirin WAEC su kula, domin irin wannan na fitowa a takardar furuci. Akwai 'yan tsirarun da suka saɓa, kuma ɗaya daga cikinsu kullum tana bakinmu a garin nan: Arabic, farkonta ake dannawa, A-rabik, ba a-RA-bik ba.

Ka faɗe su da ƙarfi sau goma, ɗaya bayan ɗaya, har bakinka ya ji cewa nauyinsu ba wuri ɗaya yake ba. Wanda ya raba su a baki da wuya ya haɗa su a takarda.

Mataki na shida: san sauran 'yan gidan

Akwai ta uku da ke shiga tsakani, kuma a ido ta fi kowa kama da stylish, harafi ɗaya na ƙarshe kawai ya raba su: stylist. Wannan ba sifa ba ce, suna ce, mutum ce. Mai sana'ar gyaran gashi “hair stylist” ne. Wadda ake ɗauka ta zaɓa wa amarya leshi da ɗankwali da sarƙa da takalmin da za su tafi tare, ba tare da ita ta ɗinka ko ɗaya ba, “fashion stylist” ce. Marubucin da aka san shi da kyan jimla shi ma ana ce masa stylist. Da yake da yawanmu muna haɗiye t ɗin ƙarshe, stylist kan fito kamar “stailis”, daga nan zuwa “stailish” kuwa taki ɗaya ne. Shi ya sa za ka ga an rubuta “She is a hair stylish” a allon shagon kitso, ko “You look stylist” a saƙon waya. Duka biyun a juye suke. Dabarar ita ce “a” ko “an” na Ingilishi: in kalmar ta tsaya ita kaɗai bayan “a”, mutum ake nufi, stylist. Stylish ba ta tsayawa bayan “a” sai da suna a bayanta, kamar “a stylish woman”.

Kuma tela ya sani, ɗinki bai mai da shi stylist ba. Mai ɗinki tailor ne, in shi ke ƙirƙiro samfurin kuma designer ne.

Hanya mai sauƙi ta riƙe tsarin gidan ita ce a jera shi da wani gidan da aka riga aka sani. Linguist masanin harshe ne, linguistic abin da ya shafi harshe, linguistics kuma ilimin kimiyyar harshe. To haka stylistic take da stylistics, ilimin nazarin salo, darasin da ɗaliban Ingilishi da na Hausa da na Larabci ke yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'i. Harafin s na ƙarshe ba jam'i ba ne, sunan fanni ne, don haka “Stylistics is difficult” ake cewa, ba are ba. Sai dai a kula, kamar ba ta cika ta kowace fuska ba: masanin stylistics ba stylist ake ce masa ba, stylistician ne.

Sai stylized, wadda wasu ke rubutawa stylised. Ita kuma tana nufin abin da aka zana ba bisa kamanninsa na zahiri ba, an sauƙaƙa shi an mai da shi ado. Askar da ke jikin babbar riga ba hoton askar wanzami ba ce sak, siffarta ce aka miƙar aka tsara. Wannan “a stylized knife” ke nan. Masu rubutu a kan zanen bangon gidajen sarauta da zayyanar allo za su bukaci wannan kalma fiye da sauran.

Bayanau ɗinsu ma a kula da rubutunsa. Stylish tana ba da stylishly. Stylistic tana ba da stylistically, da -ally, ko da yake ba a furta a ɗin sosai. Babu “stylisticly”. Kusan duk sifofin da suka ƙare da -ic haka suke yi, fitacciyar da ta fita daban ita ce publicly.

Mataki na bakwai: tarkon stylishly a Ingilishin Nijeriya

Wannan ya cancanci matakinsa shi kaɗai. A Ingilishin da muke yi a ƙasar nan, stylishly ta samu wata ma'ana da ba ta da ita a Ingila ko Amurka. In ɗan Nijeriya ya ce “He stylishly left the meeting”, kowa ya gane cewa mutumin ya sulale ne a wayance ba a lura ba. “She stylishly asked for money”, wato ta yi dabara ta kewaya ta roƙa. Daga Ingilishin kasuwa abin ya taso, inda “use style” ke nufin yin abu da wayo.

Ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba. Harshe in ya zauna a ƙasa sai ya ɗauki ƙamshinta, kuma tsakaninmu maganar tana isar da saƙo sarai. Amma wanda bai san Nijeriya ba, in ya karanta jimlar farko, abin da zai gani shi ne mutum ya tashi daga taro cikin ƙasaita da kyan tafiya, kowa na kallonsa, wato kishiyar abin da aka nufa. Don haka a jarrabawa, a kundi, a takardar da za ta fita waje, zaɓi kalmar da ta dace da nufinka: quietly ko discreetly in sulalewa ce ba hayaniya, tactfully in hikima ce da ladabi, slyly in wayon akwai ɗan ha'inci a ciki. Ka bar stylishly ga irin “She was stylishly dressed”, ta yi shiga mai kyau.

Mataki na takwas: gwada hannunka

Ɗauki takarda ka cike waɗannan kafin ka karanta abin da ke biye. Kada ka yi a zuci, rubutawa ke sa abu ya zauna.

The bride looked very ______ in her lace.
The lecturer asked us to identify three ______ devices in the poem.
My sister works as a ______ in a salon.
The two letters say the same thing. The difference is purely ______.
He writes ______ prose that is a pleasure to read.

Ta farko stylish ce, kuma alamu uku ne suka taru a kanta: mutum, looked, da very. Ta biyu stylistic, domin devices na cikin sunayen nazari, su ne dabarun adon harshe irin kamance da mutuntarwa da kambamar zulaƙe. Ta uku stylist, ga ta nan tsaye bayan “a” ba suna a bayanta. Ta huɗu stylistic, purely ta tona ta. Ta biyar ita ce wadda ke kama masu tsohuwar ƙa'idar nan: maganar rubutu ake yi, amma yabo ne, ana cewa karatunsa da daɗi, don haka stylish ce. In ka ci huɗu ka faɗi ta biyar, koma mataki na uku.

Bayan wannan, ka mai da shi ɗabi'a in ka buɗe ƙamus kada ka tsaya a ma'anar da aka bayar a layin farko. Gangara ka karanta jimlolin misali, ka ga waɗanne kalmomi ne ke zama kusa da wadda kake nema. Ƙamusun da aka yi domin masu koyo sukan sa 'yar alama, approving, a gaban kalmar da ke ɗauke da yabo. Irin wannan alama ta fi dogon bayani amfani. Da wannan hanya za ka iya raba wasu tagwayen da ke damun masu harkar ado da rubutu, kamar classic da classical, ko costume da custom, ba sai ka jira wani ya rubuta maka jagora a kansu ba.

Ita ɗalibar, tun a daren ta koma shagon da aka buga mata, aka sauya kalma ɗaya a bango da shafin farko da shafin amincewa, domin take yakan maimaitu a wurare fiye da ɗaya kuma sai an bi su duka. Na ce ta sa a binciko kalmar a cikin kundin gaba ɗaya da kwamfuta, aka kuwa samu wasu guda huɗu a babi na uku.

Ƙanena kuma mun ɗan ja da shi. Da ya ji bayanin sai ya ce, “To Yaya, in sa duka biyun mana, allon da faɗi.” Na ce masa allo ba wurin nuna yawan kalmomi ba ne, mai babur da ke wucewa daƙiƙa biyu gare shi. Na kuma hana shi ƙara “wears” da ya so sawa a ƙasa, domin a daidaitaccen Ingilishi wear ta tufafi ba ta ɗaukar s, menswear ake cewa. Muka tsaya a kan “Stylish Kaftans and Menswear”, a ƙarƙashi kuma da Hausa, da baƙaƙen da suka fi na Turancin girma, “Ɗinkin Kece Raini”, sai lambar wayarsa. Mai fenti ya gama ana saura kwana tara Sallah, muka kafa shi da yamma bayan La'asar, da rana ta ɗan yi sanyi.